Tun 2001 muke addu'ar zaman lafiya a Filato, ina amsar?

Dan_Kabong:
Salama gare ku 'yan zaure. Ina da tambaya, amma don Allah kada wani ya ce na ja da baya. Tun rikicin 7 ga Satumba 2001 ake kiran azumi da addu'a a garin nan. Aka yi na 2008, aka yi na 2010, bama-bamai suka tashi a Kabong da Unguwar Rukuba ranar jajibirin Kirsimeti, aka yi na kasuwar Terminus a 2014, ga kuma abin da ya faru a ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi a Kirsimetin 2023. Duk ranar da aka dawo daga jana'iza, maganar ɗaya ce: mu ƙara addu'a. To mun ƙara. Da wuya ka sami unguwa a Jos da ba a kwanan addu'a ranar Jumma'a. Mene ne ainihin aikin addu'a a rayuwar mai bi? In don ta canza abubuwa ne, ina canjin? In kuma ba don haka ba ne, a fito a gaya mana, mu daina zuwa da tsammanin da ba a yi mana alkawarinsa ba.

MamanLadi:
Ɗana, ba don addu'ar ba, kai ka san abin da da ya faru? Kana ƙirga waɗanda aka kashe, wa ya ƙirga maka waɗanda aka tsare?

Dan_Kabong:
Mama, na ji, kuma da girmamawa. Amma wannan amsar ba ta da ƙofa. Ko mutum dubu aka kashe za a ce da dubu biyu ne.

Ezra_Wuta:
Matsalar ita ce ba ma yin addu'a yadda ya kamata. Minti biyar ana hamma, a ce amin, a tafi. Iliya ya yi addu'a sama ta kulle shekara uku da wata shida, Yakubu 5:17. Mutum ne kamarmu. Mu ne muka yi sanyi, ikon bai ragu ba.

Malam_Gindiri:
Bari in shigo, tambayar ba ta raini ba ce. @Dan_Kabong, buɗe Ayyukan Manzanni sura 12 ka karanta ta daga farko, kada ka fara daga tsakiya kamar yadda muka saba a wa'azi. Kowa ya san labarin Bitrus: Hirudus ya kulle shi, ikilisiya ta duƙufa da addu'a, mala'ika ya zo, sarƙoƙi suka zube, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta. Amma aya ta biyu fa? Kafin a kama Bitrus, Hirudus ɗin nan ya riga ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi. Ikilisiya ɗaya, gari ɗaya, sarki ɗaya. Ɗaya ya fita da ƙafarsa, ɗaya aka yanka. Luka da ya rubuta bai tsaya ya ba mu dalili ba, ya jera su kawai ya wuce.

Wani abu kuma, @Ezra_Wuta, wannan naka ne. Da Bitrus ya zo gidan Maryamu yana ƙwanƙwasa ƙofa, yarinyar nan Roda ta ruga ta gaya wa masu addu'ar, sai suka ce mata ta haukace. Mutanen da suka kwana suna roƙo ke nan, amsar tana tsaye a ƙofa sun ƙi yarda. In ƙarfin bangaskiyar mai roƙo ne kaɗai ke buɗe kurkuku, da Bitrus bai fita ba a daren nan.

Ezra_Wuta:
Malam, ai Yesu da kansa ya ce ku roƙa za a ba ku.

Malam_Gindiri:
Ya faɗa. Shi ɗin ne kuma ya durƙusa a Getsamani ya roƙa a kawar masa da ƙoƙon, ba a kawar ba. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu a 2 Korintiyawa 12 ita ce alheri ya ishe shi. Ko za ka ce su ma sun yi sanyi?

Bitrus_Keke:
Ni dai ba malami ba ne amma abin da nake gani shi ne mun mai da Allah mai POS. Ka sa kati, ka danna azumin kwana uku, ka tsaya jiran kuɗi su fito. In ba su fito ba sai ka ce netwok ne, ka koma wani shago. Shi ya sa mutum ɗaya zai yi majami'a huɗu a shekara.

Talatu_TudunWada:
Bitrus ka kashe ni da dariya. Amma gaskiya ce.

Yar_Mangu:
Ni ban zo da aya ba. A 2023 da aka ƙona ƙauyenmu, mahaifiyata ta zo wurina nan Dadin Kowa da zani ɗaya a jikinta da jikoki biyu. Ƙanina bai fito ba. Da farko ko addu'ar abinci ba na iya yi, in na rufe ido fushi ne kawai ke taso mini. Ita kuwa tsohuwar, kullum kafin gari ya waye, cikin sanyin nan na Jos, za ka ji ta a ɗaki tana magana ƙasa-ƙasa da yaren Mwaghavul. Ba ta ɗaga murya. Tana kiran sunayen 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, in ta zo kan sunan wanda ya rasu ba ta tsallakewa, sai ta ce, wannan kuma yana hannunka. Daga nan ta tashi ta hura gawayi ta ɗora wa yara ruwan wanka.

@Dan_Kabong, addu'arta ba ta dawo da ɗanta ba, ba ta mayar da ita gonarta ba. Amma matar nan tana cin abinci, tana barci, tana wasa da jikoki, ba ta taɓa cewa a je a rama ba. Na san wasu da abu ɗaya ya same su, yanzu burkutu ne ke riƙe da su. Ka kira shi abin da ka ga dama, ni na gan shi da idona.

MamanLadi:
Wayyo 'yata. Ubangiji ya ta'azantar da ku. Ki gaishe mini da Mama, ki ce matan Zumunta suna tunawa da ita.

BabaDattijo_Jenta:
Allah ya ba da haƙuri, 'yata.

Dan_Kabong:
@Yar_Mangu, sannu 'yar'uwa, ba ni da bakin magana a kan wannan. Abin da kawai zan ce, kin nuna addu'a tana riƙe wanda aka cuta. Ni kuma ina tambaya ne ko tana tsayar da mai cutar.

Gyang_Rayfield:
Wani lokaci tana tsayarwa ta hanyar da ba ka zata ba. Ku tuna Yunin 2018 a Nghar Yelwa, ƙaramar hukumar Barkin Ladi. Mutane suna gudu, kowa na kiran sunan Yesu. Wa ya buɗe musu ƙofa? Liman Abubakar Abdullahi. Ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallaci da cikin gidansa, ya tsaya a gaban maharan ya ƙi ba da su. Amurka ma ta karrama shi a 2019. Waɗanda suka tsira ranar nan, ka je ka ce musu Allah bai ji ba.

Dan_Kabong:
Na yarda da wannan. Ita kuma Leah Sharibu fa? Tun Fabrairun 2018 aka sace ta tare da 'yan matan makarantarsu a Dapchi, aka sako sauran da suka rayu aka riƙe ta. Akwai sunan da aka ambata a addu'a a ƙasar nan kamar nata?

Malam_Gindiri:
Mun koma kan Yakubu da Bitrus ke nan.

Direba_FarinGada:
Ai Littafi Mai Tsarki ma ya ce tashi in taimake ka. Mu tashi mana.

Katikis_Bukuru:
Ɗan'uwa direba, wannan maganar Hausawa ce, ba aya ba ce, ko ka duba daga Farawa zuwa Wahayin Yahaya ba za ka same ta ba. Wadda ta yi kusa da abin da kake nufi ita ce Nehemiya 4:9. Suna ginin garun Urushalima, magabta na shirin kawo hari, sai suka yi addu'a ga Allah, suka kuma sa masu tsaro dare da rana. Biyun a aya ɗaya.

Mu ma ai mun koyi wannan da tsada. Bayan bam ɗin hedkwatar ikilisiyar COCIN ranar 26 ga Fabrairu 2012, da na cocin St. Finbarr a Rayfield ranar 11 ga Maris, sati biyu tsakani, wace majami'a ce ba ta canza ba? Aka fara tare hanya da duro da duwatsu ranar Lahadi, mota ta tsaya can nesa, 'yan Birged a bakin ƙofa da na'urar bincike, aka ce mata su bar manyan jakunkuna a gida. Na tuna wata tsohuwa da ta yi ta faɗa wai an hana ta shiga da jakar da take sa Littafin Waƙoƙi da tabarau, ƙarshe a leda ta riƙa kawo su. Babu wanda ya ce yin haka rashin bangaskiya ne. Ana ciki ana addu'a, samari na waje suna zagaye.

Direba_FarinGada:
To Katikis, aya ko ba aya ba, magana ɗaya muke yi.

Nas_Rifkatu:
Tunda an zo nan bari in sauke abin da ke raina, ko da ya ɗan kauce. Ni abin da nake gani a wurin aiki ya fi damuna da maganar tsaro. Mace mai hawan jini, an ɗora ta a kan magani, jinin ya daidaita. Sai ta je wani gidan addu'a a bayan gari, a ce mata an warkar da ita, shan magani shakka ce. A ba ta man zaitun a ƙaramar kwalba. Bayan wata biyu a kawo mana ita a keke, baki ya karkace, hannu ɗaya ba ya motsi. Masu ciwon suga ma haka, a sa su azumin da ko ruwa babu. Mai naƙuda a riƙe ta a ɗakin addu'a har sai jariri ya gaji. Kuma wanda ya ba da umarnin ba ya biyo su asibiti, dangi ne ke kuka.

Ni mai bi ce, ina yi wa marasa lafiyata addu'a a zuciya kafin in sa allura. Amma ku tuna, mishan da suka kawo mana bishara su ne suka gina asibitin Vom tun 1922, su ne suka gina asibitin Jankwano. Ba su iya addu'a ba ne? Luka likita ne. Ishaya da ya kawo wa sarki Hezekiya albishir cewa an ƙara masa shekara 15, shi ne kuma ya ce a kawo curin ɓaure a ɗora a kan marurun.

Ezra_Wuta:
Sista, kada ki haɗa kowa a kwando ɗaya. Akwai warkarwa ta gaske, na ga wanda likitoci suka sallama ya tashi. Yakubu 5:14 ya ce a kira dattawan ikilisiya su shafa mai.

Nas_Rifkatu:
Dattawan ikilisiya ya ce, waɗanda suka san gidanka, ba wani mai sayar da kwalba ba. Kuma nuna mini inda ayar ta ce a zubar da magani. A shafa man, a haɗiye ƙwayar, ban hana kowa ba.

Saratu_UJ:
Ku yi haƙuri na katse ku. Ku sa ni a addu'a, jibi zan kare aikin bincikena na ƙarshe, malamin da ke duba ni ba ya wasa.

MamanLadi:
Ubangiji ya ba ki hikima da baki, 'yata. Amma ki yi karatu.

Bitrus_Keke:
Amin. Kun ga Mama ma 'yar Nehemiya ce.

Talatu_TudunWada:
Ni tambayata ga Ezra ce. Dole ne sai da lasifika? A layinmu akwai wani ɗan ɗaki, mutanen ciki ba su kai ashirin ba, amma ƙahon lasifikar yana waje yana kallon tagarmu. Daga sha ɗayan dare har asuba, wuta, wuta, mutu, mutu. Yarana na da makaranta, maƙwabcinmu tsoho ne mai ciwo. Matiyu 6:6 cewa ya yi ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa. A 1 Sarakuna 18 ma, waɗanda suka yi ta ihu daga safe har yamma annabawan Ba'al ne, addu'ar Iliya da ka kawo ba ta fi layi uku ba.

Ezra_Wuta:
Bulus da Sila sun yi addu'a da waƙa da tsakar dare a kurkukun Filibi, sauran fursunoni suna jin su. Ba a ce sun yi raɗa ba.

Talatu_TudunWada:
Da janareta suka yi?

BabaDattijo_Jenta:
Yara, ku bar ni in ce wani abu, jikata ce ke rubuta mini. Ni abin da ya fi damuna ba ƙarar ba ce, abin da ake faɗa a ciki ne. Wannan mutu, mutu, daga ina muka samo shi? A zamaninmu na shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa, ƙananan ƙungiyoyin addu'a muke yi a gidaje. Mutum biyar, shida, a zauna a tabarma da fitilar ƙwai, kowa ya kawo sunan wanda yake so ya san Ubangiji, a yi masa addu'a da suna. Har wanda ya zage ka a kasuwa sai ka kawo sunansa. Yanzu kuwa rabin addu'ar a kan maƙiya ce, kuma in ka bincika maƙiyin nan, kishiyar uwa ce ko ƙanin uba da ake rigimar gona da shi. Yaro ya tashi yana jin ana kiran wuta a kan danginsa, me kuke so ya zama?

Wanda muke bi ya ce a yi wa masu tsananta mana addu'a. A kan gicciye ya roƙa wa masu kashe shi gafara, Istifanas ma haka ana jifansa. Ba abu ne mai sauƙi ba, ni ma na binne mutane a 2001. Amma @Dan_Kabong, ɗana, ga wani aikin addu'a da ba ka sa a lissafinka ba. Da wuya ka ambaci sunan mutum a gaban Allah da safe, da yamma ka tare shi a hanya da adda. Garin nan an yi ramuwar gayya, mu ma hannunmu ba a wanke yake ba, kowa ya sani. Da masu durƙusawa sun fi haka yawa, da matafiyan da aka tare a hanya ba su san hawa ba ba su san sauka ba sun isa gida.

Gyang_Rayfield:
Baba ya taɓo inda ba ma son a taɓa.

Ezra_Wuta:
Baba, da girmamawa, ba mutane muke nufi ba, ruhohi ne. Afisawa 6:12.

BabaDattijo_Jenta:
To ku daina kiran ruhohin da sunan gwaggo.

Katikis_Bukuru:
Wannan na cikin dalilin da ya sa mu Katolika muke riƙe da rubutacciyar addu'a, ko da ana mana dariya wai haddar aku muke yi. Ranar da zuciyarka ta cika da fushi, in aka bar ka da bakinka, fushin za ka zuba. Amma in ka bi Addu'ar Ubangiji, dole ka ratsa ta wurin nan na a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi, ko kana so ko ba ka so. Game da ƙasa kuma, bishop-bishop ɗinmu sun rubuta addu'a domin Najeriya cikin ƙunci tun 1995, zamanin Abacha, har yau ana karanta ta a coci-coci da dama.

Dan_Kabong:
Katikis ka ba ni makami da hannunka. Tun 1995, kuma har yau ƙuncin ne.

Katikis_Bukuru:
Isra'ilawa shekara nawa suka yi a Masar?

Bitrus_Keke:
Haba Katikis, kada ka ce mana sai mun yi 400.

Hannatu_Gwarinpa:
Ina biye da ku daga Abuja, 'yar Nasarawa Gwom ce ni. Abin da ban ji an faɗa ba shi ne, yawancinmu addu'ar taro kawai muka sani. A gidanmu da, ƙarfe biyar Baba zai buga ƙofa, kowa ya fito da bargo, waƙa ɗaya, sura ɗaya, a zaga kowa ya yi addu'a ko da layi biyu ne. Yanzu nan kafin biyar da rabi mutum ya fita don gudun cunkoso, yara sai dai su ji addu'a a mota. Muna jiran Laraba ko kwanan addu'a a yi mana. Markus 1:35 ya ce Yesu ya tashi tun da sauran duhu ya tafi inda ba kowa. Wata rana da ya gama addu'a, ɗaya daga cikin almajiransa ya ce ya koya musu, kuma abin da ya koya musu ya fara da sunan Uba da mulkinsa da nufinsa kafin a zo kan abinci. Mu kuwa daga abincin muke farawa, a can muke ƙarewa.

Malam_Gindiri:
Hannatu ta kawo ni inda nake so in tsaya da Dan_Kabong. Ka ce kada a ce ka ja da baya. Ni a ganina abin da ka rubuta a sama, in ka juya shi ka fuskanci Allah da shi maimakon zaure, addu'a ce cikakkiya. Zabura 13 da har yaushe ta fara, sau huɗu. Habakuk ya buɗe littafinsa da ƙarar cewa yana kuka a kan kisa ba a cece shi ba. Zabura 88 ma ba ta juya zuwa yabo ba har ta ƙare, aka kuma bar ta a cikin littafin waƙoƙin Isra'ila. Mu ne muka cire makoki daga sujadarmu. Ana binne mutum talatin ranar Asabar, ranar Lahadi 'yan kwaya su tashi da rawa kamar ba a yi ba, wanda bai iya rawar ba ya ga kamar shi ne mai ƙaramar bangaskiya.

Yar_Mangu:
Wannan gaskiya ne Malam. Abin da ya hana ni zuwa sujada a lokacin ke nan.

Dan_Kabong:
Na karanta duka, na gode. Na Baba da na Yar_Mangu sun shige ni. Amma ban sauka daga kan tambayata ba. Abin da kuka nuna mini shi ne addu'a tana gyara mai yin ta, wani lokaci kuma Allah yana buɗe ƙofa. Ni abin da ke ci mini rai, waɗanda aka ba amanar tsaro su ne kan gaba wajen cewa mu yi addu'a. A zo ta'aziyya da jerin motoci, a ce a yi haƙuri a ƙara addu'a, a tafi, ba a kama kowa ba. A nan kam ana amfani da ita ne a rufe mana baki.

Gyang_Rayfield:
Wannan ba laifin addu'a ba ne. Gwauruwar Luka 18 da Yesu ya ba da misalinta a kan naciya, wurin alƙali take zuwa kullum tana neman hakkinta har ya gaji. Ba a ɗaki ta zauna ba.

Ezra_Wuta:
Ku dai faɗi abin da za ku faɗa, Jumma'ar nan muna dutse wurin addu'a, wanda zai zo ya zo da rigar sanyi.

Talatu_TudunWada:
In dai a dutse ne ba a layinmu ba, Allah ya ba da sa'a. Ku tafi da masu ƙahon nan ma don Allah.

Nas_Rifkatu:
Kuma mai suga ko gyambon ciki kada a sa shi azumin. Ezra, da kai nake.

Ezra_Wuta:
Na ji Sista. Amma maganar Yakubu da Bitrus ban gama da Malam ba, ai ba a rubuta cewa an yi wa Yakubu addu'a ba, Bitrus aka ce an yi wa.

Malam_Gindiri:
Ba a rubuta ba, gaskiyarka. Kana ganin manzo na hannun Hirudus ikilisiya ta yi barci? Je ka sake karantawa, gobe bayan na tashi daga aji mu ci gaba.